Gato da biskit na gida: hira ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Arlit da Akokan

     

Yau hirarmu a kan madafi take. Za mu koyi yin gato da biskit a gida, ba tare da injin gashi irin na Turawa ba. Za mu ga yadda ake awo, yadda ake gashi cikin tukunya, da yadda ake raba wa maƙwabta. A ƙarshe kuma za mu yi lissafi. Saboda haka kowa ya jawo kaye da alƙalami kusa. Wanda bai iya rubutu da sauri ba kada ya damu. An buga hirar a wannan takarda, sai ya karanta ta sannu a hankali tare da malaminsa.

Garin da kowa baƙo ne

Wani zai ce, me ya haɗa yaƙi da jahilci da gato? Me kuma ya sa aka zaɓi Arlit? To, ku saurara.

Arlit sabon gari ne. An kafa kamfanin SOMAIR a shekarar 1968, aka soma gina garin a 1969, aka fara fitar da uraniyom a 1971. Bayan haka aka kafa kamfanin COMINAK a 1974, ya soma aiki a 1978, garin Akokan ya tashi kusa da shi. Mutane suka zo neman aiki daga ko'ina. Ga Abzinawa masu ƙasa, ga Hausawa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, ga Zabarmawa, ga Fulani, ga Barebari, ga Tubawa, ga Larabawa, har da Turawan Faransa da iyalansu. A lokacin da kasuwar uraniyom ke ci, har ana yi wa Arlit kirari da Paris ta biyu.

Wanda ya bar garinsu ya bar danginsa a baya. Idan matarsa ta haihu, uwarta na nesa. Idan ya kwanta ciwo, ɗan'uwansa na nesa. Wa ya rage masa? Maƙwabci. Shi ya sa a garuruwan nan maƙwabci ya zama dangi. Kuma kun san yadda zumunci ke farawa tsakanin gida da gida. Ƴar tasa ce ake ba yaro, a ce, kai wa gidan wane. Gobe tasar ta dawo, kuma ba ta dawowa wayam. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Aika kayan zaƙi ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu mata suna yin alkaki da alkama, su soya, su tsoma cikin zuma ko ruwan sukari. Suna yin nakiya da shinkafa, wadda ke daɗewa ba ta lalace ba. Suna yin dubulan. Da waɗannan ake cika garar amarya, da su ake tarbar baƙin suna da na salla. Abzinawa kuma suna da tagalla, burodin da ake gasawa cikin yashi mai zafi da garwashi. Gato da biskit sun zo daga baya, ta hannun kuku-kukun da suka yi aiki a gidajen Turawa da matan da suka koya daga gare su. Ba su zo don su kori alkaki ba. Ƙari ne aka samu.

Yau zamani ya sake. A ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe ma'adinin COMINAK. Ma'aikata kamar 600 suka bar aiki, ban da na ƴan kwangila. Gidaje da yawa a Akokan suka wayi gari babu albashin ƙarshen wata. A irin wannan hali, macen da ta iya sana'ar hannu ta riƙe gida. Wadda ta iya gashi ba ta jin kunya ranar sunan maƙwabciyarta, ko da ba ta da kuɗin gudummawa. Kuma in ta so, ta sayar da saura ta sami na cefane.

Awo shi ne tushe

Tuwo da miya ana yin su da ido. Uwargida ta duba, ta ƙara gari, ta ƙara ruwa, ta ɗanɗana gishiri. Gato ba ya yarda da haka. Da zarar ya shiga wuta, ba dama a gyara shi. In sukari ya yi yawa, sai ya ƙone ya lotsa. In gari ya yi yawa, sai ya yi tauri kamar tubali. To kun ga inda karatu ya shigo. Wadda ta rubuta awonta a kaye, gatonta na yau daidai yake da na jiya. Wadda ta dogara da tunani kawai, yau ya yi kyau, gobe ya ɓaci, ba ta san dalili ba.

Ba sai kuna da sikeli ba. Ku nemi ƙaramin gwangwanin madarar ruwa wanda aka shanye. Ku cire murfinsa gaba ɗaya, ku danne bakin da dutse don kada ya yanke ku, ku wanke shi tas. Shi ne mudunmu. Duk inda muka ce gwangwani a hirar nan, shi muke nufi. Kada a canza shi a tsakiyar aiki. In an cika shi da gari, a share saman da bayan wuƙa ya zama daidai baki, ban da tozo, ban da dannawa.

Akwai wani gari fari da ke sa gato ya tashi. Mu ce masa garin tashi. Ana sayar da shi a kanti cikin ƴan ƙananan takardu. A jikin takardar an rubuta kalmomi biyu da Faransanci: levure chimique. Ku rubuta su a kaye, ku koyi gane su da ido, domin akwai wani mai kama da shi, yis na burodi da fanke. Yis yana bukatar a ajiye ƙulli ya kumbura kafin a gasa. Garin tashi kuwa, da ya ji ruwa ya ji zafi sai ya fitar da iska nan take. Iskar nan ce ke yin ƴan ƙananan ramuka cikin gato, ta sa ya yi laushi. Saboda haka in kun kwaɓa, kada ku ajiye ƙullin ku tafi hira. Iskar za ta tsere.

Ku duba lambobin da ke jikin takardar. In kun ga an rubuta 08/2027, ma'anarsa wata na 8 na shekarar 2027. Daga nan ƙarfinsa ya fara mutuwa. Haka za ku duba a jikin madarar gari da mai. Kayan abinci da yawa suna iso mu daga nesa, wasu ta hanyar Tawa da Agadas, wasu daga Aljeriya ta Asamaka. Sun sha rana a mota kafin su zo. Mai karatu ba a sayar masa da tsohon kaya.

Ƙwai ma a gwada shi. Zafin Arlit yakan wuce awo 40 a watannin bazara, ƙwai ba ya daɗewa. Ku sa shi cikin kofin ruwa. In ya nutse ya kwanta, sabo ne. In ya taso sama, ku yar. Kuma ku fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi dabam kafin ku zuba cikin ƙulli, don kada ruɓaɓɓe ɗaya ya ɓata muku dukan aikin.

Gargaɗi kafin a hura wuta

Yanzu ku kasa kunne da kyau, mutanen Arlit da Akokan. Wannan magana ta fi gaton muhimmanci.

Tukunyar da za ku yi gashi, da kwanon da za ku zuba ƙulli, da farantin da za ku jera biskit, ku san asalinsu. Kada a yi su da tsohon ƙarfen da ya fito daga ma'adini ko daga masana'antar uraniyom. A shekarar 2003 masana na wata cibiyar bincike ta Faransa mai suna CRIIRAD, tare da taimakon ƙungiyar Aghir In'man ta Arlit, sun sami tarkacen ƙarfe mai gubar uraniyom a cikin gari. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta auna, ita ma ta sami irinsa. Wannan guba ba a ganinta da ido. Ba ta da wari. Wuta ba ta kashe ta. Na'ura kaɗai ke gane ta. Tana yi wa jiki lahani a hankali, shekara da shekaru.

Saboda haka in za ku ba maƙeri aikin murhu ko faranti, ku tambaye shi inda ƙarfen ya fito. In bai sani ba, ku haƙura. Tsohon tano, watau duro, wanda ba ku san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, kada ku mai da shi wurin gasa abinci. Tukunyar girkinku ta kullum ta isa.

Haka kuma yashi. Za mu zuba yashi a gindin tukunya. Kada a ɗebo shi kusa da tudun ƙasar da aka fitar daga ramin ma'adini, ko a bakin hanyar manyan motocin aiki. A ɗebo na ƙorama mai tsabta nesa da wurin aiki, a tankaɗe, a wanke, a shanya. Wadda ba ta natsu da yashi ba, ta sa gishiri mai tsakuwa a madadinsa. Gishirin nan ba ya ƙarewa. A ajiye shi cikin gwangwani, a yi ta amfani da shi. Rigakafi ya fi magani.

Abu na uku, kada a hura gawayi cikin ɗaki a rufe, ko da lokacin sanyi ne. Hayaƙinsa marar launi yana kisa. A yi gashi a tsakar gida, a wurin da iska ba ta kaɗo ƙura.

Gaton nono

To, ku ɗauki alƙalami. Ga kayan da ake bukata:

Garin alkama, gwangwani 3.
Sukari, gwangwani 1 da rabi.
Nono mai kauri, gwangwani 1.
Man girki, rabin gwangwani.
Ƙwai 3.
Garin tashi, cokalin shayi 2.
Gishiri, ɗan kaɗan tsakanin yatsu biyu.

In babu nono, a dama madarar gari da tafasasshen ruwan da ya huce, gwangwani 1, a matsa ɗan lemun tsami a ciki. In an sami lemun zaƙi irin na lambunan Timiya, a kankare bayan ɓawonsa kaɗan a zuba. Ƙamshinsa ya fi na kwalba.

Da farko, a wanke hannu da sabulu. A ɗaure kai da kallabi. A zuba yashi ko gishiri a gindin babbar tukunya, kaurin yatsu biyu. A rufe, a ɗora a wuta ta yi zafi tun kafin a fara kwaɓi. Tukunya ce ke jiran ƙulli, ƙulli ba ya jiran tukunya.

Na biyu, a shafa mai a cikin kwanon gashi, a barbaɗa gari kaɗan, a karkaɗe. Wannan ke hana gato mannewa. In babu kwano, gwangwanayen madara ko na kifi da aka wanke sun isa, sai a sami ƙananan gato masu sauƙin rabo.

Na uku, a fasa ƙwai cikin tasa, a zuba sukari, a buga da maburgi har ya yi fari ya yi kumfa. Nan ne ake wahala, kada a yi ƙyuya. Sannan a zuba nono da mai, a juya.

Na huɗu, a haɗa gari da garin tashi da gishiri, a tankaɗe su tare. A zuba cikin tasa kashi uku, ana juyawa a hankali da muciya. Da zarar an daina ganin farin gari, a tsaya. Alkama tana da danƙo. In aka yi ta tuƙa ta kamar tuwo, danƙon zai tashi, gato ya yi tauri.

Na biyar, a zuba ƙulli cikin kwano, kada ya wuce rabi da kaɗan, domin zai tashi. A ɗora kwanon bisa yashi, kada ya taɓa jikin tukunya. A rufe. A rage wutar ƙasa ta zama kaɗan, a ɗebi garwashi a jera bisa murfi. Zafi daga ƙasa, zafi daga sama. Kun ga dabarar tagalla ce aka sa cikin tukunya.

Yaya za a san zafin ya yi daidai? Kafin a sa ƙulli, a barbaɗa ɗan gari a kan murfin gwangwani a ɗora bisa yashin. In ya yi baƙi nan da nan, wuta ta yi yawa. In ya yi ja sannu a hankali, ta yi daidai. Mai injin gashi na gas ko na kuran, ta sa shi a lamba 180.

Yanzu sai haƙuri. Ku duba agogo, ku rubuta lokacin. Kada a buɗe tukunya kafin minti 25. In aka buɗe da wuri, iska mai sanyi ta shiga, tsakiyar gato ta faɗa. Tsakanin minti 35 da 45 yakan nuna. Ƙanana na gwangwani sun fi saurin nuna. A soka tsinke mai tsabta a tsakiya. In ya fito a bushe, an gama. In ya fito da ƙulli, a rufe a ƙara minti 5. A sauke, a bar shi ya huce kafin a juye.

Ni mai maganar nan, gatona na farko ƙasansa baƙi ƙirin, cikinsa ɗanye. Yara suka yi ta dariya, awaki suka ci rabonsu. Laifin wutar ƙasa ce da ta yi yawa, ga shi ban sa garwashi a murfi ba. Na rubuta kuskuren a kaye. Na biyu ya fi na farko, na uku aka kai wa maƙwabta. Kada na farko ya karya muku zuciya. Sannu ba ta hana zuwa.

Biskit na riɗi

Gato yana da daɗi, amma ba ya daɗewa. In kuna son abin da za a ajiye, ko a ba matafiyi guzuri, ko a ci da shayi, to biskit ne. Ku rubuta:

Garin alkama, gwangwani 4.
Sukari, gwangwani 1.
Man shanu ko bota, gwangwani 1.
Ƙwai 1.
Garin tashi, cokalin shayi 1.
Riɗi, rabin gwangwani.
Gishiri kaɗan.

A tsince riɗi, a wanke, a shanya, a soya shi sama-sama ba mai. A zuba gari cikin tasa, a sa man shanu, a murza da yatsu har ya zama kamar yashi mai laima. A zuba sukari da riɗi da garin tashi da gishiri. A fasa ƙwai, a haɗa ya zama curi ɗaya. In bai haɗu ba, a ƙara madara ko ruwa cokali 1 ko 2. Ban da yawan murzawa.

Wannan aiki na sassafe ne. In rana ta take, mai ya narke, ƙullin ya yi ta manne wa hannu. A barbaɗa gari bisa tire mai tsabta. A murza ƙullin da kwalba har kaurinsa ya zama rabin ƙaramin yatsa. A kifa finjalin shayi a yanka, sai su fito kewayayyu, girmansu ɗaya. A jera cikin faranti, a bar ƴar tazara tsakaninsu. A gasa cikin tukunyar nan minti 12 zuwa 15, har gefensu ya yi ja. Da zafi suna da laushi, in sun huce sai su yi ƙaras-ƙaras. Wannan awo yakan ba da biskit kamar 50.

Ga wata dabara ta ƙasarmu. Muna da dabino, na Ingal da na lambunan Abzin da wanda ke zuwa daga Aljeriya. A cire ƙwallo, a jiƙa da ruwan zafi kaɗan, a daka ya yi laushi. A sa ɗan kaɗan tsakanin biskit biyu kafin a gasa, a danne bakin. In za a yi haka, a rage sukari zuwa rabin gwangwani, dabino ya cike gurbin. Ana iya sa soyayyar gujiya a madadin riɗi, amma a tsince duk wadda ta yi funfuna ko ɗaci a zubar, tana cutar da hanta.

In sun huce sarai, a zuba cikin gwangwani mai murfi. Busasshiyar iskarmu tana taimako, sukan yi sati biyu lafiya. Gaton nono kuwa a cinye shi cikin kwana 2, lokacin zafi ma kada ya wuce haka.

Ladabin rabo

An gasa, gida ya cika da ƙamshi. Saura rabo, kuma rabo yana da ladabinsa.

Ƙamshi ba ya sanin katanga. Yaran maƙwabta sun ji shi tun kafin ku sauke. Saboda haka a fara da gidan da ya fi kusa. Sannan a tuna da wanda ba ya iya ramawa: tsohuwar da ƴaƴanta suka tafi, matar da mijinta ya rasu, gidan da maigida ya rasa aiki, almajiri, baƙon da ya sauka bai san kowa ba. In kullum gidan masu hali kuke aikawa don tasa ta dawo da nama, wannan ciniki ne.

A ƙirga gidajen kafin a yanka. In gida 6 ne, a rubuta sunayensu, a raba daidai. Ba a son a ji cewa an ba wance babba an ba wance ƙarami. A rufe tasa da murfi ko ƙyalle mai tsabta saboda ƙura da ƙuda. A koya wa yaron da aka aika ya yi sallama, ya gaida mutanen gida, ya miƙa da hannun dama.

A kuma san wanda ake ba. Mai ciwon sukari, gato ba alheri ba ne gare shi. A kai masa gaisuwa da wani abu dabam. Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Yara kuma kada biskit ya hana su cin tuwo, kuma su goge haƙora bayan sun ci. Kayan zaƙi na ranar farin ciki ne, ba abincin kullum ba.

Ku maza, kada ku ce wannan hirar mata ce. Maigida ne zai binciki asalin ƙarfen murhu. Shi zai iya ɗebo yashi mai tsabta. In matarsa ba ta gama koyon karatu ba, ya karanta mata awo. In kuwa ita ce ta riga shi, ya zauna ta koya masa, ba abin kunya ba ne.

Mu yi lissafi

Yanzu ga aikin lissafi na wannan mako. Kun sani a takarda ana rubuta kuɗi da faran, mu kuwa a baki da dala muke ƙirga. Dala 1 faran 5 ce. In kun ga 100 F, dala 20 ke nan. In kun ga 1000 F, jaka ɗaya ke nan, watau dala 200.

Farashin da za mu faɗa misali ne kawai, kowa ya sa na kasuwarsu. A ce wata mata ta yi biskit 50. Ta sayi gari na dala 60, sukari na dala 30, mai na dala 100, ƙwai na dala 20, riɗi da garin tashi na dala 20, gawayi na dala 20. Ku tara. Dala 250 ke nan. A rubuce, 1250 F.

Ta ware guda 10 ta aika wa maƙwabta. Saura 40. In ta sayar da kowane ɗaya dala 5, za ta sami dala 200. Ta ci riba ko ta faɗi? Ta faɗi da dala 50, ga wahala a banza. In ta sayar dala 10, za ta sami dala 400, jaka biyu ke nan. A cire 250, saura dala 150. Ta yi kyauta, ta mai da uwar kuɗinta, ta sami riba. In kasuwa ba ta karɓi dala 10 ba, sai ta rage girman biskit ɗin su ƙara yawa, ko ta nemi kaya masu sauƙi. Amma ba za ta san haka ba sai ta rubuta. Mata da yawa suna sana'a shekara guda, jari yana narkewa, suna cewa baki ne ko ido. Sau da yawa rashin lissafi ne.

Wadda ba ta da jarin fara wannan ita kaɗai, ta haɗu da ƴan ajinsu. Mata 4 ko 5, wannan ta kawo gari, wannan ƙwai, wannan tukunya, a hura wuta ɗaya. Itace da gawayi suna da tsada a hamada, kuma kowace itaciya da aka sare a Abzin ba ta saurin dawowa. Wuta ɗaya ta gasa na gida biyar ya fi wuta biyar. A zaɓi wadda ta fi iya rubutu ta riƙe kaye, a karanta lissafi a gaban kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne kayan zaƙi ake yi a garinku na asali ranar suna ko biki? Wa ya iya yin su a cikinku?
2. Me ya sa ba a son a yi murhu ko faranti da ƙarfen da ba a san asalinsa ba?
3. In ana son gato biyu a madadin ɗaya, gwangwani nawa na gari za a sa? Ƙwai nawa?
4. Ku rubuta 750 F da 1500 F da ƙirgar dala.
5. Wane gida ne a unguwarku tasa ba ta taɓa shiga ba? Me ya hana?

Malaman aji, ku rubuta awon gaton nono a babban allo, kowane ɗalibi ya kwafa da hannunsa. In hali ya yi, a gasa ɗaya a aji, kowa ya gani ya ɗanɗana, domin gani ya kori ji. Ku rubuto mana yadda aikin ya kasance, da abin da ya ba ku wuya. Wasiƙar da ɗalibi ya rubuta da kansa, ko layi biyu ce, ita za mu fara karantawa.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya ƙara danƙon zumunci tsakaninku da maƙwabtanku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.